MURHUN SONGAMBELE

Shafi na 19

Masu aiko mini da saƙo cewa na bar Dakta Skolastika a cikin mota tun Talata, ku kwantar da hankalinku. Mutanen da suka yi shekara ashirin da ɗoriya ba sa gaisawa, zaman mota ba zai kashe su ba. Ga su nan sun iso.

*

Bas ɗin ya tsaya a gindin tudun Songambele da hantsi, aka sauko ta ƙofa ɗaya, domin ita kaɗai ke buɗewa. A iya sanin Dakta Skolastika Msongela, wannan ne karo na farko da 'yan Tsohuwar Ƙungiyar Masu Tonon Tarihi da 'yan Ƙungiyar Ƙwararru suka bi hanya ɗaya ba tare da an kafa kwamiti ba.

Tun daga Sumbawanga 'yan Tsohuwa na hagu, 'yan Ƙwararru na dama. Kwandon mandazi, fanken ƙasar, shi kaɗai ya tsallaka tsakiya, shi ma ya dawo kusan a cike.

A takarda, an ce a kan ƙa'ida aka rabu: shin limaman coci da malaman firamare da ke zuwa tono ranar Asabar suna da ƙuri'a ko ba su da ita? Waɗanda suka halarci liyafar wancan lokacin kuwa sun san a kan kujerar da ke kusa da minista aka yi ta.

Ita ta ɗinka tafiyar yau. A matsayinta na sakatariyar Ƙwararru ta sha zirga-zirga, ta sha shayin da ba ta so a gidajen mutanen da ba sa son ta, har aka yarda a sa hannu a koma ƙungiya ɗaya. Gida ɗaya ne kawai ba ta taka ba, gidan shugaban Tsohuwa. Da mataimakinsa ta yi ta magana.

An kuma yarda a yi bikin a nan, a bakin murhun narka tama da ta tono da hannunta shekara shida da suka wuce. Murhun da ya kai sunanta Turai ya dawo da shi da nauyi. Shekara ɗari biyar, in ji na'urar auna gawayi. Duk ƙasar Fipa babu murhun da ya kai shi tsufa.

Mu masu tono ba ma cinye rami duka. Ana barin wani ɓangare don na baya, waɗanda za su zo da kayan aiki da suka fi namu, ko da hankali. Skolastika ta bar tsakiyar gindin murhun, daidai inda maƙeran da ke binne tukunyar maganinsu kafin su ɗora gini. Dattawan ƙauye sun yarda a buɗe yau. Shugabannin ƙungiyoyin biyu za su durƙusa tare, cokalin magina ɗaya, hannu biyu. Rediyo ya zo. Shugaban gunduma ya zo da jawabi.

Kowa ya haura tudu, ban da mutum ɗaya.

Farfesa Anatoli Kasitu, shugaban Tsohuwa, na tsaye a jikin bas da sandarsa da kwat ɗinsa na ulu, ya zuba wa wani dutse mai tsaga ido. Shi ya fara sa mata cokalin tono a hannu tana 'yar aji ɗaya a jami'a. Da aka rabu, ta bi ɓangaren da ke raba gurbin karatu a waje. Tun daga ranar, in sun haɗu a coci, kowa sai ya ga wani abin sha'awa a silin.

Ta sauko, ta ɗan russuna.

"Shikamo, Mwalimu."

Gaisuwar ƙarami ga babba ce, ɗaliba ga malaminta. Ta yi shekaru tana gyara ta a ranta. Bai ma amsa ba. Ya nuna dutsen da sanda, ya tambaye ta ko da can akwai ɓaure a bayansa. Ta ce an sare tun kafin ta zo, amma kututturen na nan.

"Skola," in ji shi. Shi kaɗai ke kiran ta haka. "Wa ya sa wa wurin nan Songambele?"

Ta ce gwamnati, lokacin da aka yanka sabon ƙauye aka kawo mutane daga bakin tafki.

"Zo ki zaunar da ni a bayan dutsen nan."

Ta zaunar da shi a kan kututturen. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake duban tudun, wai ko zai canja. Bai canja ba.

"Nan ne Tudun Nkoswe."

Da wani ya faɗa mata, da ta tambaya mene ne. Amma duk wanda ya ratsa ajin Kasitu ya san Tudun Nkoswe. Labarin da yake bayarwa ne duk shekara, ranar Juma'a da rana, bayan an ci ugali, tuwon masara, da wake. Yadda yana matashi ya nemo tsohon maƙeri na ƙarshe da ya iya narka tama, Mzee Nkoswe, ya roƙe shi ya gina murhu irin na kakanni ya hura. Yadda suka rushe shi bayan an gama, suka binne, don a dawo bayan shekara arba'in a ga abin da ƙasa za ta bari. Ba ya faɗin inda tudun yake, wai kada ɗalibai su je su ɓata masa gwaji. Su kuwa ɗalibai ba su taɓa tambaya ba. Masu barci na barci, masu kwaikwayon muryarsa na yi. Skolastika ce gwanar kwaikwayo a shekararsu.

Ta girgiza kai.

"Mwalimu, tudun da ke da dutse mai tsaga sun fi ɗari a ƙasar nan."

"Haka na gaya wa kaina tun daga kwanar gada."

"An auna gawayin. A wuri biyu, ƙasa biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce Nkoswe mutum ne mai taurin kai, Allah ya ji ƙansa. Ya ƙi gawayin kasuwa. Ya ce kakanni ba sa hura murhu sai da zuciyar busasshen itacen da ya mutu a tsaye, irin wanda gatari ke kuka a kansa. Sai da suka yi kwanaki a daji suna neman itacen da ya riga kakan Nkoswe mutuwa.

"Na'urarku ba ta yi ƙarya ba. Shekarun itacen ta faɗa miki. Ba ki tambaye ta shekarun wutar ba."

"Tsingaron tukwanen fa? Zanensu na mutanen da ne. Kai da kanka ka koya mana shi."

"Daga kufai muka tsinto su, muka tokare bututun yumɓu. Ni na ɗauko su a hulata."

Ta nemi abin da za ta ƙara kamawa, ba ta samu ba. Sai ma wani abu da ya zo mata ba ta kira shi ba. Wata tsohuwa, cikin 'yan tsirarun da suka riga sabon ƙauye zama a wurin, ta taɓa gaya mata cewa ita da kanta ta kai giya ga masu hura wutar murhun har gindin tudu, tunda mace ba ta haurawa in ana narka tama. Skolastika ta rubuta maganar tsaf. Ta yi babi guda a kanta, inda ta bayyana cewa a tunanin mutanen Fipa, zamanin kakanni da jiya abu ɗaya ne. Wannan babin aka fi yabawa a Turai. Har wani ya fassara shi da Faransanci.

"Ka rubuta?" ta ce. "Ka rubuta inda yake?"

"Da taswira. A mujallarmu."

Tun shekarar rabuwa 'yan Ƙwararru suka yanke cewa mujallar Tsohuwa ba mujalla ba ce, jaridar coci ce. Aka kwashe har tsofaffin fitowarta daga ɗakin karatu aka kai sito. Ofishin da ke ba da izinin tono kuwa ya yi ƙaura sau biyu, gara ta karɓi aikin adana abin da ya bari.

"Kai kuma ba ka karanta littafina ba."

"Ba ma karanta ku. Mun yi ƙuri'a a kai."

Daga sama aka fara gwada lasifika. Wani na ƙirga ɗaya, biyu, yana komawa ɗaya, kamar mai tsoron uku.

"Me ke cikin ramin maganin?" ta ce.

"Tukunyar Nkoswe. Ban san abin da ya zuba ba, bai bar ni na gani ba. Da kwalbar lemo a gefenta. Da sule guda na shekarar a ciki."

Kowane mai tono ya san wannan. In ka gama rami za ka mayar da ƙasa, sai ka bar wani abu na zamaninka a gindi, kwalba ko kuɗin ƙarfe, don wanda zai zo bayanka ya san an riga shi. Kasitu ya bi ƙa'ida. Ya sa kwalbar a wurin da babu mai tonon da zai tsallake, tsakiyar tsakiya. Ita ma ta bi ƙa'ida. Ta bar tsakiyar don na baya.

Dariya ta taso mata, irin wadda ke zuwa a gidan makoki. Ta danne.

"Da na yi haɗama na cinye ramin duka, da na gan ta a sati na biyu."

"Da ni ma na yi ganganci na jefar da ita a gefe, da kin gan ta a ranar farko. Ladabi ya cuce mu, Skola."

Ta zauna a ƙasa, da zanen bikinta da komai.

Ya ce ya ji labarin a rediyo lokacin da aka yi ta shela. Wai wata Dakta Msongela ta gano murhu mafi tsufa a ƙasar Fipa, a wani wuri Songambele. Yana cikin lambu, ya ajiye butar ban ruwa ya kira matarsa, ya ce zo ki ji, ɗalibata ce.

"Har na ɗauko waya in tambaye ki ta wace hanya ake zuwa. Sai na tuna ba na magana da ke. Na kashe rediyon."

Ita ma tana da nata labarin, amma ta fi son ta haɗiye. Bai haɗiyu ba.

Ta ce kafin ta fara tonon ta zo ƙofar gidansa. Ai ƙa'ida ce a tambayi wanda ya riga ka aiki a yanki. Ta tsayar da mota a ƙarƙashin itacen fiya, ta hango shi ta shinge da singileti yana ba kabeji ruwa. A lokacin Farfesa Mwakibete, shugaban Ƙwararru, shi ke kan kwamitin ƙarin girma, kuma a Sumbawanga ko tari ka yi sai an kai masa. Ta ce a ranta wata rana. Ta tayar da mota.

"Farar ƙaramar mota?"

"Ita."

"Na gan ta. Na ce in ita ce ta san inda ƙofa take."

Ana cewa zumunta a ƙafa take. Tsakanin itacen fiya da kabeji bai kai jifa da dutse ba, kuma dukansu biyu suna da ƙafa a lokacin.

"Kofin shayi ɗaya," in ji ta.

"Ko rabi. Da kin ce dutse mai tsaga, da na shaƙe."

Ta fara lissafa abin da ke kan murhun nan, kamar mai duba kayan da ke kan jakin da ya durƙusa. Kujerar farfesa da ake shirin ba ta. Ɗalibanta biyu da suka gina digirinsu a kan shekara ɗari biyar ɗin. Allon da gunduma ta kafa a bakin titi. Shafin da aka sa a littafin tarihi na 'yan sakandare, da hotonta tana nuna ƙasa da yatsa. Sai takardar haɗewar da ke kan tebur can sama, an danne ta da dutse don iska. In kwalba ta fito a gaban rediyo, Mwakibete zai ce tarko ne 'yan Tsohuwa suka ɗana tun kafin a haifi rabin mutanensa. 'Yan Tsohuwa kuwa za su yi dariya har Ista. Ba a sa hannu ana dariya.

Kasitu ya riga ta isa can.

"Saurara. Kowa ya san ina da hawan jini. In aka miƙo mini cokali, zan dafe ƙirji in zube. Na ga yadda ake yi, na binne abokai da yawa. A ɗauke ni a kai asibiti, a biyo ni da takarda, in sa hannu a kan gado. Wa zai koma buɗe rami bayan ya kusa cin farfesa? Dattawan ƙauye ma za su ce maganin ne ya ƙi."

"Mwalimu."

"Ban gama ba. Saura kaɗan in bi Nkoswe. In na tafi, daga ke sai kwalbar, ita kuma ba ta zuwa taro."

Ta tambaye shi ko don ita zai yi.

Ya ce kada ta ɗauki kanta da girma haka. Ya ce 'yan Tsohuwa yanzu taronsu ya koma jana'iza, duk wata sai an rage kujera. Ƙaraminsu ya yi jika. Akwatunan abin da suka tono shekara da shekaru suna sito a bayan coci, rufin na yoyo. In ba a haɗe yau ba, babu wanda zai gaje su sai gara, kuma ta riga ta fara zuwa duba gado.

"Sannan kuma don ke," ya ƙara, yana kallon wani wuri. "Kaɗan."

"Kai ka ce mana mai tono na iya yin kuskure, amma ranar da ya rufe rami a kan abin da ya sani, ya zama mai haƙa kabari."

"Na faɗi abubuwa da yawa. Akasari kuna barci."

"Wannan ina farke. Da shi nake kwaikwayon ka."

Ya dube ta ta saman gilashi. Ta ga bakinsa ya motsa, kamar zai yi murmushi ya fasa.

"Akwai abu ɗaya," in ji shi. "Bututun. Nawa suka rage?"

Ta ce 'yan guntaye, duk sun narke ta baki ɗaya.

"Bangon fa?"

Ta ce gindin kaɗai, bai kai tsawon hannu ba, sauran ya koma jar ƙasa.

Ya lumshe ido. Shekara kusan arba'in yana son ya ji wannan amsar. Ta gane cewa ta gama masa gwajinsa, da kyau kuma, da awo da zane da hoto, babu abin da ta bari. Aiki ne mai kyau. Sunansa kawai ta kuskure.

Sai ga Farfesa Gaudensi Mwakibete ya zagayo dutsen, cikin rigar da aka ɗinka musamman da hoton murhun a gaba da baya. Mutum ne da in ya shigo wuri sai ka ji kamar an ƙara kujeru.

"Ah, uba da 'ya an shirya! Kasitu, ka bari sai an sa hannu ka sace mini sakatariya. Ku taso, shugaban gunduma ya kai shafi na ƙarshe, in muka yi wasa zai koma farko."

Kasitu ya ce ƙirjinsa ne ya ɗan yi nauyi. Ya faɗa da ƙarfi yadda za a tuna daga baya.

Mwakibete ya ce ai nauyin zunubi ne, yau za a sauke. Ya kama shi ta hannu ɗaya, Skolastika ta kama ɗayan, suka haura.

An kewaye ramin da igiya. Hagu 'yan Tsohuwa da hulunan sanyi, dama 'yan Ƙwararru da wayoyi a sama. Mutanen ƙauye a baya, su kaɗai suka cakuɗa. Fada, limamin coci, ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya bayyana abin da ke ɓoye. Skolastika ta ce amin a makare.

Ta dubi ramin. Ta san kowane taku nasa. A nan ta yi damina biyu, a nan ta samu labarin rasuwar mahaifiyarta ta ƙarasa zanen da take yi kafin ta tafi. Ga tsibirin ƙasar da ta bari a tsakiya, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Baƙi daga waje sun sha ɗaukar hoton wannan gefen don nuna wa ɗalibansu yadda ake aiki.

Mwakibete ya karɓi lasifika. Ya ce kamar yadda kakanni suka haɗa tama da gawayi suka fitar da ƙarfe, haka yau za a haɗa Tsohuwa da Ƙwararru. Bai faɗi wane ne gawayin ba. Aka tafa.

Aka sauko da shugabannin biyu cikin rami. Aka miƙo cokalin, sabo fil, an ɗaura masa kyalle.

Kasitu ya dube ta sau ɗaya. Hannunsa ya tafi ƙirji. Gwiwarsa ta fara lanƙwasa, kuma gaskiya ya iya, har wata tsohuwar nas daga hagu ta yunƙuro.

Skolastika ta riga ta. Ta diro cikin ramin, ta sa kafaɗarta a hammatarsa, ta tsayar da shi cak kamar turken rumfa.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce da ƙarfi. "Santsi ne."

A kunnenta ya ce, "Ke wawuya ce."

"Ɗalibarka ce."

Ta karɓi cokalin. Ta ce tunda gwiwoyin shugabanni sun riga ƙungiyoyinsu tsufa, su ɗora hannu a kafaɗarta, ita za ta tona. Aka yi dariya, ɓangare biyu a tare, abin da ba a taɓa ji ba.

Ta durƙusa. Hannun Mwakibete mai nauyi a dama, na Kasitu a hagu.

Ta fara karce ƙasa a hankali, siriri siriri, yadda aka koya mata. Jar ƙasa. Toka. Baƙar ƙasa. Bakin tukunya ya bayyana, an kife ta da wata. Matan ƙauye suka rangaɗa guɗa. Dattawa suka matso suna gyaɗa kai.

Tana iya tsayawa a nan. An ga tukunya, rediyo ya samu abin faɗa. Kasitu ya matsa kafaɗarta, ta gane abin da yake nufi.

Ta matsa da cokalin gefen tukunyar.

Ƙarar ba ta da yawa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe cokalin tono ya san bambancin kukan dutse da na tsingaro da na wannan.

Wani abu kore ya leƙo daga ƙasa, bai fi faɗin farce biyu ba, rana ta kama shi.

Mwakibete ya sunkuyo har rigarsa ta share toka. Lasifikar na hannunsa, ya manta a kunne take.

"Gilashi," ya ce, tudun duka ya ji. "Gilashi ne. Jama'a, kun san ma'anar wannan? Fataken bakin teku sun iso nan shekara ɗari biyar da suka wuce. Dakta, kada ki ƙara taɓawa. A rufe, a sa mai gadi, mu kira masana daga waje."

Aka ɓarke da tafi. Shugaban gunduma ya rungumi Fada. Ɗaya daga cikin ɗalibanta biyu, wanda zai kare digirinsa wata mai zuwa, ya sa hannu a ka yana dariya, hawaye na zubo masa.

Shi ta kalla. Ta daɗe tana kallon sa.

Ƙofa ta biyu ke nan aka buɗe mata a yini ɗaya, ita da ta kasa shiga ɗaya tak a ƙarƙashin itacen fiya. A rufe, a sa mai gadi. Masana daga waje ba sa zuwa sai an yi shekaru ana rubuce-rubuce. Kafin nan an sa hannu, an ba ta kujera, an gyara rufin sito.

"Ku ba ni buroshi," ta ce.

Mwakibete ya ce Dakta, haƙuri. Ta sake miƙa hannu. Ɗalibin nata ne ya ciro nasa daga aljihu ya ba ta, yana murna.

Ta share sau ɗaya. Koren ya ƙara faɗi, ya lanƙwasa.

Ta sake sharewa. Wuya ya fito, da murfin ƙarfe mai tsatsa.

A shara ta gaba farin fenti ya bayyana, haruffa a jere, irin waɗanda ke kan kowane kanti daga nan har Mbeya. Ta sa yatsu biyu ta ɗago ta. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ya gangara gindi.

Tafin bai tsaya gaba ɗaya ba. Na gaba suka fara dainawa, na baya suka ci gaba, har shirun ya isa gare su.

"Wannan," in ji Mwakibete, lasifika na ɗaukar numfashinsa, "wannan mene ne?"

Ta miƙe. Ta zare lasifikar daga hannunsa, bai hana ba. Ta juya ga tsohon da ke jingine da bangon ramin, ta russuna kamar ɗazu, ta miƙa masa da hannu biyu, kwalbar da abin maganar.

"Mwalimu, ba su labarin Tudun Nkoswe. Yau babu mai barci."

Kasitu ya karɓa. Ya buɗe baki.

A bayanta, a cikin shirun, ta ji wata 'yar ƙara. Mwakibete ne ya ciro alƙalamin da ya saya don sa hannun yau, wanda tun safe yake buɗe a aljihunsa, ya mayar masa da murfi.